Maharazu Mai Buɗe Ruwa da Kaset Biyu

Da aka fara gaya mini wai akwai wani mai buɗe ruwa a wajen Bunkure da ke wasan kwamfuta, ban yarda ba. A 1987 ke nan, ban daɗe da dawowa daga karatu ba, kuma ko a can inda na baro ba kowane gida ke da irin wannan na'ura ba. Na ɗauka ko dai ƙarin gishiri ne, ko kuma marmari ne da zai wuce kafin a yanke alkama. Sai da aka kawo mini takardar bayanin wasan in fassara musu wasu wurare na san mutanen, a hankali kuma na ji yadda aka yi.

Malam Maharazu ya haura shekara goma yana riƙe da ƙofofin ruwa na wani reshen kanal, wato magudanar ruwan noman rani, tsakanin Kura da Bunkure. Dogo ne siriri, kuma ba ya rabuwa da babbar riga ko da taɓo zai shiga. Kullum da sassafe yakan ɗaure ƙarfen murɗa ƙofa a bayan kekensa ya bi gaɓar kanal, ya buɗe wa masu ranar, ya rufe wa waɗanda tasu ta wuce. An taɓa kai masa kwandon tumatir don ya saki ruwa ran Litinin. Ya karɓa, ya yi godiya sosai, ya saki ruwan ran Laraba kamar yadda yake a tsari.

Bayan aiki, abin da ya sani shi ne dara. A gindin wata dalbejiya kusa da babbar ƙofar ruwa suka haƙa gurabensu, shi da Levi, makanikin tarakta, mutumin Filato da ya zo tun ana haƙar kanal ya zauna. Maharazu da kara, Levi da tsakuwa. Da an yi la'asar za ka same su a tsugune, suna gaya wa juna magana.

"Sarkin Ruwa, yau ma ka zo a yi maka aski?"

"Makaniki, taraktar da ka gyara jiya ga ta can ana turawa. Zauna dai."

Shekara tara suna haka. Rannan wasa ya yi zafi, Maharazu ya haɗa tarkon da yake ganin zai kwashe tsakuwar Levi ɗaya bayan ɗaya, sai lokacin rufe ruwa ya yi. Ya miƙe, ya je ya murɗa ƙofa, ya dawo. Da ya duba ƙasa sai ya ga karansa guda ya bar gurbinsa, tarkon ya wargaje.

"Levi, wa ya taɓa wannan karan?"

"Wane kara?"

"Mu biyu ne a nan. Ni kuwa na juya baya."

A gaban mutane ya faɗa. Levi ya sunkuya. Ya tsince tsakuwarsa ɗaya bayan ɗaya, ya zuba a aljihu, ya karkaɗe wandonsa ya tafi. Washegari bai zo ba, jibi ma haka.

Bayan kamar mako biyu Maharazu na wasa da wani tsoho mai suna Dattijo, lokacin rufe ruwa ya sake yi. Yana miƙewa tsohon ya riƙe masa hannu.

"Malam, tattare rigarka mana. Ga shi ta share maka kara har biyu."

Maharazu ya dubi bakin rigarsa, ya dubi ƙasa. Ya je ya rufe ruwan, ya daɗe tsaye a kan ƙofar bayan ya gama. Ya san gidan Levi, ya san hanyar, sau biyu ma ya karya kan keke ya nufi can. Amma mutumin da duk yankin ke kawo wa ƙarar ruwa saboda ba ya kuskure, bakinsa ya ƙi buɗuwa da wannan magana. Haka damina ta zo ta wuce suna gaisawa daga nesa.

A wannan tsakanin ne wani injiniya Bature da zai koma ƙasarsu ya sayar wa Levi wata ƙaramar kwamfuta da arha. Ba ta fi allon karatu girma ba. Ana haɗa ta da talabijin da kuma rakoda, domin wasan a cikin kaset yake, irin kaset ɗin waƙa sak. Kaset ɗaya Baturen ya bar masa, wasan yaƙi ne: ka motsa rundunarka, na'ura ta motsa tata, kowa ya jira lokacinsa. Gidajen ma'aikata na Kura suna samun wuta, don haka da Levi ya tashi daga aiki sai ɗaki. Labari ya iso gindin dalbejiya cewa Makaniki ya sami abokin wasan da ba ya zargin kowa. Maharazu ya ji, ya ci gaba da jera karansa.

Wata safiya cikin rani yana buɗe wa masu albasa ruwa, sai ga Lahadi matar Levi, wadda ke da 'yar gonarta a wannan layin. Ta gaishe shi, ta tsaya tana murza bakin zane.

"Lafiya dai, Maman Ann?"

"Malam, ɓarna na yi. Saƙo zan aika wa tsohuwata a gida, ka san ba ta karatu, sai dai a yi mata magana a kaset. Na ɗauki wani a kan tebur na saka, na ji ba komai a ciki sai ƙara kamar gyare ya shiga gwangwani. Na ce wannan ai ya lalace. Na ɗauki maganata a kai, gaba da baya, har da gaisuwar yara."

"Na wasan ne?"

"Shi ne. Bai yi mini faɗa ba, da ma faɗan ya yi. Kwana huɗu ke nan yana zaune yana kallon talabijin a kashe."

Ta ji ran Asabar Maharazu zai shiga Kano. Ta kwance kuɗin albasarta ta ba shi, tare da kwalin tsohon kaset ɗin mai hoton sojoji, ta ce akwai shago a Sabon Gari inda Baturen ke saye. Irinsa take so a sayo, kada Levi ya sani sai ya gani.

Shi ma Maharazu da abin da zai kai shi birni. Tayar bayan kekensa ta cinye har zare ya fito, ya daɗe yana tara kuɗin sabuwa, ga kaya kullum sai tashi suke.

Mai shagon, Iliyasu, gyaran rediyo ne sana'arsa, kaset ɗin wasa kuwa 'yan kaɗan ne a cikin wani akwatin gilashi, yana sayar wa ma'aikatan banki da malaman jami'a. Ya dubi babbar rigar, ya dubi kwalin.

"Baba, aiko ka aka yi ko?"

"Aiko ni aka yi. Akwai irinsa?"

Akwai, kuma kuɗin Lahadi sun isa daidai. Da Maharazu ya miƙa ya karɓa, da shi ke nan. Amma mutum ne da ba ya sayen ko igiya sai ya ja ta, don haka ya ce a nuna masa yadda abin yake. Iliyasu ya saka, suka jira ƙarar ta gama, ya motsa wasu 'yan ɗigo, na'ura ta motsa nata. Maharazu ya kalla da idon ɗan dara, nan da nan ya gane inda aka dosa.

"In na tashi na je na rufe ruwa, jirana zai yi?"

"Ko kwana za ka yi, Baba, in dai ba a ɗauke wuta ba."

"To madalla. Wancan na gefe fa, mai hoton kogi?"

"Wannan ba ya tafiya, ya fi wata shida a nan. Na'ura ba ta yin sa da kai, sai mutum biyu. Sarakuna biyu ne, kogi a tsakaninsu, kowa na neman mashigi. Matsalarsa, ba a son ka ga inda abokinka ya ɓoye mutanensa. In zai yi nasa, sai ka juya baya."

"In juya baya?"

"Ka fuskanci bango, har ya ce ya gama. Sannan shi ma ya juya. Shi ya sa mutane ba sa so. Wa zai yarda da wani haka?"

Maharazu ya tambayi kuɗinsa. Ya fi na farkon, domin da taswira ya zo da ɗan littafi. Ya yi ciniki har Iliyasu ya rantse, duk da haka sai an ɗora kuɗin taya a kan na Lahadi kafin su kai. Biyun kuwa ba su sayuwa, ko da zai koma Kura a ƙasa.

Ya ce yana zuwa. Ya fita ya yi azahar, ya zauna a inuwar masallaci yana juya abin. Na farkon shi aka aiko shi ya saya, amanar mace ce da guminta. In ya kai shi, Levi zai ji daɗi, ya koma ɗaki ya rufe ƙofa, shi kuma ya hau sabuwar taya ya ci gaba da wasa da Dattijo, wanda ke gyangyaɗi a tsakiyar dara. In ya kai na biyun Levi ya ƙi, ya ɓatar da kuɗin baiwar Allah a kan abin da mutum ɗaya ba ya iya yi, kuma sai ya biya ta. Ya duba ta nan, ya duba ta can, kamar yadda yake yi kafin ya ɗaga kara. Sannan ya koma shagon.

"Naɗe mini mai kogin."

Washegari bayan la'asar ya tura kekensa har gidajen ma'aikata. Ya cusa wa tayar tsumma ya ɗaure ta da roba, tana tafe tana ɗingishi. Lahadi ce ta fara fitowa. Da ta ga kwalin sai fuskarta ta canza.

"Malam, ai ba shi ba ne."

"Na sani, Maman Ann. In bai karɓa ba, kuɗinki na wuyana."

Levi ya fito da singileti. Suka gaisa gaisuwar mutanen da suka haɗu a tasha. Ya karɓi kwalin, ya juya bayansa, ya karanta a hankali yana motsa leɓe. Ya ɗaga kai ya dubi Maharazu, ya dubi keken da ke jingine da bango, ya daɗe a kan tayar.

"Wannan na mutum biyu ne."

"Haka mai shagon ya ce."

"To ni da wa?"

"Oho. Ni dai aike na kawo."

Levi ya shiga ɗaki, ya bar labule a ɗage. Maharazu ya tuɓe takalmi ya bi shi. Aka saka kaset, ƙarar nan ta gyare ta cika ɗakin, ta yi minti biyar ba ta ƙare ba. Levi na ta gyara wayar da ba abin da ya same ta, Maharazu na kallon kalandar bango kamar yana iya karanta ta. Can sai kogi ya bayyana, fari a kan baƙi.

Levi ya ɗauko fenti na ja daga kayan aikinsa, ya ɗiga a kan maɓallai biyar, ya nuna masa na gaba, na baya, na hagu, na dama, da na cewa an gama. Sai rubutu ya fito a ƙasan kogin.

"Ya ce mutum na farko ya jera mutanensa, na biyu ya kau da kai."

Kafin ya rufe baki Maharazu ya miƙe. Ya tattare rigarsa da hannu biyu, ya naɗe ta tsaf a cinya, ya juya kujerar ya zauna yana fuskantar bango. Yana jin ƙarar maɓallai a bayansa, ɗaya, shiru, sannan biyu a jere. Wuyansa ya yi ta ƙaiƙayi, bai motsa ba.

"Sarkin Ruwa."

Rabon da ya ji wannan suna daga bakin nan, tun ranar karan.

"Na'am."

"Na gama. Zo a yi maka aski."

Levi ne ya ci ran nan, ya kuma ci har sau shida a jere, kafin Maharazu ya gane cewa mashigin kogi ƙofar ruwa ce kawai, wanda ya riƙe ta shi ke da gona. Daga nan wasa ya zama na gaske. Ranar da babu wuta kuwa sukan koma gindin dalbejiya, inda aka sake haƙa guraben da damina ta cike. Tayar ma ba ta kai mako ba Levi ya samo wata ta hannu a garejinsu, ya ɗaura, yana mita wai kada a ce abokin makaniki na yawo a kan tsumma.

Na sha zama a ɗakin nan ina kallon manyan mutane biyu suna juya wa juna ƙeya bi da bi. Wata rana na raka Maharazu rufe ruwa, bayan ya ba ni labarin rigar da bakinsa, sai na tambaye shi ko ya taɓa gaya wa Levi gaskiyar abin da ya matsar da karan.

Ya gama murɗa ƙofar tukuna, ya zare ƙarfen.

"Na fara, sau ɗaya. Na ce, Levi, karan nan na ran nan. Sai ya ce, Malam, ba lokacinka ba ne, juya ka fuskanci bango. Na juya."