Ɗakin da Muka Aro a Wangsa Maju

Har gobe ba zan manta da ranar da aka tura ni in nemo wa kamfaninmu talauci ba. Ku da kuka zo daga baya ba ku san yadda aka yi ba, to ku saurara.

A lokacin ina ƙaramin jami'i a sashen kula da ofis, mu ne masu lura da kujeru da na'urar sanyaya ɗaki da katin shiga. Ban daɗe da gama digiri na biyu ba, kuma takardar izinin aikina saura wata biyu ta ƙare. Kamfani ne ke sabunta ta, in manaja ta sa hannu. In ba ta sa ba, sai Kano.

Wata Litinin saƙo ya zo daga hedikwata: za a yi bikin cikar kamfani shekaru, ana haɗa tarihin gine-ginen ofisoshinsa na duniya, kowane reshe ya aiko da hoton inda ya fara. Sauran rassa sun riga mu. Hedikwata ta ce a garejin mota ta fara, mutum uku da kwamfuta ɗaya suna haɗa wasan bidiyonsu na farko. Wani reshe a Turai ya aiko da ɗakin ƙarƙashin ƙasa mai yoyo. Wani kuma ya rantse a bayan shagon wanki aka haife shi. Kowa dai na gasar nuna ya fi kowa shan wuya.

Mu kuwa abin kunyarmu shi ne ba mu taɓa shan wuya ba. Tun ranar farko a saman dogon bene muka buɗe, cikin gilashi da sanyi.

Manajarmu, Madam Lim, ta kira ni ofishinta. Ta ce, "Bashir, ka samo mana ɗaki, tsoho, mai ban tausayi. Boleh?" A ƙasar nan in babba ya ce maka boleh, wato ko zai yiwu, amsa ɗaya ce ake bayarwa. Na ce boleh.

Ban wahala wajen nema ba, don na taɓa zama a irin ɗakin. Gidan hayar da na yi ɗalibta a unguwar Wangsa Maju, a nan Kuala Lumpur, yana nan, abokina Malam Sanusi ne a ciki da matarsa Maman Amira, yana digiri na uku. Bangon falon ya sha damshi, fenti ya ɓare. Na ɗauki hoto na kai wa masu zanenmu. Su kuwa sana'arsu ke nan: a wasan bidiyo sabon abu ba ya kama da gaske sai an sa masa tsatsa da datti. Suka ƙara tsagewa a bango, suka dasa tsofaffin kwamfutoci. Hotonmu ya doke na kowa.

Ya yi kyau har ya wuce gona da iri. Mako uku bayan haka aka ce shugaban kamfani zai zo Kuala Lumpur, kuma yana so ya ga ɗakin da idonsa.

Na buga wa Malam Sanusi waya na ce, "Malam, babban baƙo zai leƙo gidanka ranar Alhamis." A nan na tafka kuskuren. Na manta Bahaushe nake gaya wa zai yi baƙo.

Ranar Alhamis, tun daga matakala ƙamshin turaren wuta ya tare mu. Ƙofa ta buɗe, sai ga falo fes: sabon fenti, labule, dardumar da aka aro a maƙwabta, ga dambun nama da zoɓo an jera. Kwana biyu Maman Amira ta yi tana kankare bangon nan. Madam Lim ta matso kusa da kunnena ta ce, "Ka kashe mu." Ni kuwa har na fara tunanin wa zan bar wa katifata in na koma Kano.

Shugaba ya shiga tsakiyar falon. Ya shafa bango, idonsa ya ciko da ƙwalla. Ya ce, "Sun shafe mana tarihi." Nan take ya ba da umarni a mayar da ɗakin yadda yake a hoto, don a ɗauki fim ɗin biki a ciki. Sannan ya zauna ya cinye dambun.

A mota Madam Lim ta ce in masu gidan sun yarda, za ta sa hannu a takardata. Na koma na faɗa wa Malam Sanusi gaskiya daga farko har ƙarshe. Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce, "Haba Bashir, bango ne kawai. Su zo."

Kwana uku masu zane huɗu suka yi suna zana damshi da ƙananan burushi, suna duba hoto suna gardama kan launin datti. Maman Amira na tsaye a ƙofar kicin tana kallo. Da suka fara zana tsagewar ta ce, "Malam Bashir, wannan kam ba tamu ba ce." Na ce a hoto take. Ta gyaɗa kai, ta ce, "Shekara biyu ina jin kunyar bangon nan in an yi baƙi. Sai da na wanke shi aka ce yana da daraja." Ba ta ɗaga murya ba, amma wallahi gara a ce zagina ta yi.

An ɗauki fim, an sabunta min takarda. Ranar Asabar na sayi fenti na je na shafe bangon da hannuna, ita kuma ta kawo min abinci kamar komai bai faru ba. Na kasa ci.

Abin da na koya shi ne, mutanen sana'armu suna ƙaunar talauci ƙwarai, har su yi masa kuka, matuƙar wani ne yake kwana a cikinsa.