Faɗuwa Saba'in da Huɗu a Kan Ƙanƙara

Tun kafin wani ya riga ni, bari in faɗa da bakina: wawan labarin nan ni ne. Ba Injiniya ba ne, ba kuma Tela ba. Ni ne, mai furfura har a gira, wanda karatunsa na boko ya tsaya a aji huɗu saboda malamin ya riga shi gajiya.

Ni ke gadin wani bene mai hawa huɗu a Mada'in Fahad, haris kamar yadda ake ce mana a nan Jidda. Kafin nan shekara ashirin da shida na yi ina dako a wata tallaja a Khumra, wato ƙaton ɗakin sanyi inda ake jibge daskararrun kaji. Ranar da bayana ya fara kuka kamar tsohuwar ƙofa, kafilina, wato ubangidan da nake aiki a ƙarƙashinsa, ya kira ni ofis, ya sa aka kawo mini shayi, ya ce halas, aiki ya ƙare. Ina fitowa na ga saurayin da aka kawo a madadina ya ɗora kwali huɗu a kafaɗa ɗaya, har yana waƙa. Ku riƙe wannan a aljihu, za a neme shi a gaba.

Injiniya yana hawa na uku. Ɗan Najeriya ne da kwantiragi ya kawo, mutum mai tumbi da ladabi, ya yi karatu a wata ƙasa mai sanyi ya dawo da cutar wani wasa da ake kira hoki. Wata safiya ina wanke masa mota ya ce suna da gasa a intanet, mutum ɗaya ya gudu ya bar ƙungiyarsa, suna neman ko wane ne ya riƙe ta don kada lissafi ya ɓaci. Ya ce maza shida-shida ne, da takalma masu wuƙa a tafi, suna bin wani baƙin abu kamar gwangwanin kifi da sanduna masu lanƙwasa.

"Amma ba mutanen gaske ba ne, Baba. Kai dai ka jera 'yan wasanka a waya. Na'ura ce ke buga wasan kullum bayan la'asar, ta faɗi sakamako."

Na ce, "A kan me ka ce ake yin sa?"

"A kan ƙanƙara."

Na ajiye bokiti. Na ce, "Injiniya, a garin nan kaf, in akwai wanda ya fi ni sanin ƙanƙara, to kaza ce."

Ya sa mini abin a waya. Sai ga hotunan ƙarti ashirin da wani abu, jajaye, wasu babu haƙoran gaba. Ya ce duk a hannuna suke: wanda na so in sa, wanda na so in ajiye, wanda na so in sallama. Na ce wato ni ne kafilinsu. Ya yi dariya ya ce kusan haka. Ni ban yi dariya ba. A nan tsaye, da soso a hannu, na ɗauki alkawari tsakanina da Ubangijina cewa a ƙarƙashina ba za a ce wa kowa halas don ya tsufa ba. Na raɗa wa ƙungiyar suna Kajin Khumra.

Kusa da kowane hoto akwai lambobi rututu: na gudu, na ƙarfi, na iya harbi. Injiniya ya yi ta bayani har motar ta bushe. Ni lamba ɗaya na yarda da ita, ta shekaru, don ita ce kaɗai ba a yi wa kwalliya. Na jera su daga babba zuwa ƙarami, kamar yadda ake zama a gaban tiren abinci. A raga na sa wani mai gemu ɗan shekara arba'in da ɗaya, na kira shi Dattijo. Ranar Juma'a na soke atisaye. Da azumi ya zo na soke shi baki ɗaya.

Injiniya ya tare ni a matakala. "Baba, waɗannan fa ba Musulmi ba ne. Kai, ba ma mutane ba ne!"

Na ce, "Ma'aikaci ma'aikaci ne. Haka aka ce mana mu ma a Khumra."

Muka fara faɗuwa. Da farko mukan ci ɗaya cikin goma, daga baya ita ma ɗayar ta yi ƙaura. Ashe na'urar tana da tausayi irin nata: duk ƙarshen kaka, wato bayan wasa sittin, sai ta ba ƙungiyar da ta zo ta ƙarshe sababbin yara biyu. Kaka biyar ina karɓar biyuna. 'Yan shekara goma sha takwas, fuska sumul, ko gashin baki babu. Na tara su a benci su koyi ladabi su jira layinsu. Masu ƙungiyoyi daga ƙasashen da ban san inda suke ba suka yi ta aiko da saƙo, Injiniya yana karanta mini: a ba su yaro ɗaya su ba ni manya uku. Na ɗauka tausayina suke ji, suna so su rage mini nauyi. Na ce a gaya musu na gode, amma ba na musayar amana.

Wata rana Injiniya ya sauko har ɗakina na ƙarƙashin matakala, abin da bai taɓa yi ba. Ya buɗe mini shafin da ake rubuta waɗanda suka kafa tarihi a gasar. Akwai wanda ya fi kowa zura ƙwallo a kaka ɗaya. Akwai mai tsaron ragar da ya yi wasa tara a jere ba a ci shi ba, mai ƙungiyar ma an ce ya daina gaisawa da mutane. Can ƙasa, a layin ƙarshe, aka rubuta: faɗuwa a jere mafi tsawo. Kajin Khumra.

Ya ce, "Baba, duk na saman nan wata rana wani zai karya su. Naka ne ban ga mai karya shi ba. An gina sa'a a cikin na'urar nan. Ko awaki ka jera, sai sun ci wasa ɗaya bisa kuskure. Kai ka yi sittin da ɗaya ba kuskure ko ɗaya."

Yana nufin in ji kunya. Ni kuwa alfahari na ji. Shekara arba'in ina Jidda, ba inda aka rubuta ni sai a iƙama, katin izinin zama, da hoton da na fito kamar an kamo ni. Yau ga abin da na raɗa wa suna da bakina a kan gaba, duniya tana gani. Na ce ya ƙara girman rubutun.

Kuskurena na farko baki ne. Kullum bayan la'asar nakan hau mota zuwa Kurayyat, shagon Tela, mu sha shayi. Tela mutumin Nijar ne, abokina na shekara talatin, irin abokin da in ka sayi sabuwar hula sai ya tambaye ka wa ya mutu ya bar maka. Na riƙa nuna wa duk wanda ya shigo shagon shafin nan, har da masu kawo gyaran wando. Tela yana ta taka keken ɗinkinsa. Da sabuwar kaka ta kama sai ya miƙo mini wayarsa yana kallona ta saman tabarau.

"Bon. Ni ma na samu ƙungiya."

Na ce, "Allah ya ba da nasara."

"A'a. Ba ita nake nema ba."

A nan ya kamata mai karatu ya san bambancin. Ni faɗuwata ta halal ce, da gumin dattijai aka same ta. Tasa ta ganganci ce. Ya ɗauko mai tsaron raga ya kai shi gaba, masu harbi ya mai da su baya, ya riƙa ba su atisaye safe da yamma har lambar ƙarfinsu ta koma ja. Na gaya masa wannan zalunci ne, kuma za a tambaye shi. Ya ce in an tambaye shi zai ce a wurina ya gani.

Yana faɗuwa ina faɗuwa. Ba rukuni ɗaya muke ba, don haka sau ɗaya tak muke haɗuwa a kaka. Da ranar ta matso, ina da saba'in da huɗu, yana da goma. Kuma a hoki babu kunnen doki, sai an ci gaba har wani ya ci. In ya ci ni, nasa ya yanke, na huta. In na ci shi, nawa ya tsaya cak, shi kuma ya ci gaba da tafiya har ya wuce ni.

Kwana uku abinci ba ya mini daɗi. Hajiya, matata, haifaffiyar Jidda ce, Hausarta da Larabcinta a tukunya ɗaya suke dahuwa. Ta dube ni ta dubi tuwon ta ce, "Ya Hajj, esh fik? Me ke damunka? Wani ne ya rasu a cikin Turawan naka?" Na ce mata sha'anin maza ne. Injiniya kuwa, wanda da zai iya cetona, ya tafi hutu gida.

Sai na zauna na yi tunani irin na masu ilimi. Na ce: dattijaina gwanaye ne, ba a cin su sai don ana haɗa su da ƙungiyoyi masu ƙarfi. In suka ga gajiyayyun Tela, jinin ƙwarewa zai motsa, su ci wasan su kashe ni. To wa ya fi kowa rashin iyawa a gidana? Yaran benci mana. Goma cif, ba wanda ya taɓa taka ƙanƙara a cikinsu. Ni na san ƙanƙara. Ranar farko da na shiga tallaja sau uku na sha ƙasa, na ukun da kwalin kaji a kai.

Ran wasan da hantsi na haɗa shayi, na ajiye wayar a kan tabarma, na buɗe hoton Dattijo. Na ce masa, "Ka yi haƙuri, na yini ɗaya ne. Ba don ka tsufa ba ne." Na janye shi. Na janye sauran ɗaya bayan ɗaya, na cusa yaran, har da wani siriri a raga wanda wuyansa bai kai kaurin sandarsa ba. Sai da na gama na lura shayin ma kofi biyu na zuba.

Bayan la'asar muka zauna a shagon Tela, kowa da wayarsa. Ba a ganin wasan, rubutu ne ke fitowa layi-layi. Ban gama gyara zama ba wayar ta yi ƙara.

Tela ya ce, "Wala! An ci."

"Alhamdu lillahi. Wa ya ci?"

"Kai."

Na ce tuntuɓe ne, yaro ya zame ya faɗa kan abin. Kafin in kai kofi baki aka ci na biyu. Na uku wani ɗan banza ne ya kwaso tun daga bayan ragarmu ya wuce mutum biyar. Na miƙe tsaye ina yi wa 'yan wasan Tela kirari.

"Yalla, ku tashi mana! Kai mai lamba tara, ba ka da uwa ne? Harba!"

Tela kuma yana tafa wa nawa. "Yaro, Allah ya yi maka albarka! Ƙara masa! Alhaji, ina ka ɓoye waɗannan zakuna? Kai dai mugun kafili ne."

"Rufe mini baki, mai ɗinkin aljihu a baya!"

Wani Bayamane da ya kawo ɗinkin riga ya tsaya a ƙofa yana kallon tsofaffi biyu, wanda ake ci yana rawa da tef ɗin awo a wuya, wanda ke ci yana salati. Ya naɗe rigarsa ya juya. Siririn nan na raga kuwa sau biyu kacal aka harbo masa, ya kama duka, ina jin da hannu ɗaya.

Goma sha bakwai da nema. Daga baya Injiniya ya bugo daga Najeriya yana ihu yana taya ni murna, ya ce saura ƙwallo ɗaya da mun kamo tarihin ci mafi yawa a wasa guda. Wato can ma ban samu ba.

Washegari na mayar da dattijaina, na kori yaran benci ba tare da na dube su ba. Muka faɗi shida da ɗaya, kamar yadda muka saba. Amma lissafi ya koma ɗaya. A shekaruna, ina zan sake samo saba'in da huɗu?

Bayan wata biyu da 'yan kwanaki na buɗe shafin, babu Kajin Khumra, sai ƙungiyar Tela. Da azahar Tela ya zo da kansa, cikin sabuwar riga, ya kawo tiren basbusa, kek ɗin Larabawa mai zaƙi, ya ce a ba Hajiya, ta murna ce. Ban taɓa ba. Ita kuwa ta zauna ta yanka ƙatuwa tana ci, ta ce in ba ta labarin tun daga farko, don ta gaji da ganina ina wa waya ta'aziyya.

Na ba ta duka. Na ce ni abin da ya fi ci mini rai, yaran nan ba su san komai ba, ba su taɓa shan sanyi ba, amma rana ɗaya aka ajiye dattijai aka sa su, suka yi abin da manya suka kasa yi a kaka biyar. Na ce wannan wace irin duniya ce?

Ta lashe yatsa, ta jawo tiren gabanta.

"Tayyib. Shekara goma sha ɗaya kana hana ni sakat da tambayar me ya sa aka sallame ka daga Khumra. To, ga shi ka gwada da hannunka."