Ranar da Aka Ƙirga Yaran Gidanmu

Akwai wani tsohon ƙarfen tayar mota da ke rataye a jikin bishiyar bedi a makarantar unguwarmu, shi ake bugawa a shiga aji. Kullum da safe ina jin sa daga ɗakina, kuma har yau, da digirina da komai, sai gabana ya ɗan faɗi. Wataƙila ka ce abin bai kai haka ba. Ni ma wani lokaci haka nake gaya wa kaina.

Sa'ad da muka tashi daga cikin gari muka koma bayan Ƙofar Kwaya, unguwar ba ta cika ba. Da damina gero ne ke raba gida da gida, da kaka kuma Fulani su shigo da shanu su ci kara. Amma duk rani sai ka ga an sauke bulo a wata gona. Yara suka yi yawa, makaranta kuwa sai can cikin gari. Sai aka ce za a gina mana firamare, amma sai an san yawanmu tukuna.

Wata hantsi, in ban manta ba bayan an gama girbi ne, wasu mutum biyu suka yi sallama a zaurenmu da takarda da biro. Babana yana Babbar Kasuwa wajen hatsinsa. Kakata ce ta fito. An daɗe ana gaisuwa, har da tambayar gajiyar jiya, sannan babban cikinsu ya ce, "Hajiya, yara nawa ne a gidan nan da suka isa makaranta?"

Ta ce, "Alhamdu lillahi."

"Haka ne, Hajiya. Su nawa?"

"Malam, awaki ne da za ni ƙirga maka su? Allah dai shi raya."

A wajenta, faɗar yawan yara jawo musu baki ne. Da suka matsa, sai ta juya ta tambayi mahaifiyata, wadda ke tsaye bayan labule. Mahaifiyata ta ce biyu, ta faɗi sunan ƙanena da ƙanwata. Ni ina tsaye a gabansu, riƙe da butar da aka aike ni. Ni ne ɗan fari, kuma mahaifiyata ba ta taɓa kama sunana ba, balle ta ce nata ne ni a gaban surukarta da baƙi maza. Kakata na iya gyarawa. Ba ta gyara ba, don a ganinta an rage abin da ido zai gani.

Ba na so in ɗora musu laifi. Kunya ce, kuma ƙauna ce, na sani. Amma don Allah, mutum yana tsaye a gabanka da kai da ƙafa!

Daga baya na fahimci ba gidanmu kaɗai aka yi haka ba. Ban san gida nawa ba, kuma ba zan ƙirƙira ba. Abin da na gani shi ne ranar da aka buɗe makarantar, hedimasta ya tsaya yana kiran suna daga takardar nan, waɗanda aka kira suna shiga. Da ya gama, muka rage a fili, kusan dukkanmu 'yan fari, manyan gidajenmu. Babana ya je washegari da sabuwar hula. Hedimasta ya nuna masa ajin ta taga, ya ce, "Alhaji, duba da kanka. Ina zan sa shi?"

Shekara guda ina raka ƙanena bakin makaranta ina komawa gida. Da na shiga, yana gaba da ni da aji ɗaya, haka kuma muka tafi har sakandare. Shi ne ke duba mini aikin gida. Kakata har ta rasu tana cewa ai jinkirin ne ya sa na yi karatu mai zurfi. Mai yiwuwa ne. Ban taɓa yi mata musu ba.

Yanzu babu gona ko ɗaya. Kowane lungu da makarantar kuɗi a cikin gidan haya, ta gwamnatin kuma an raba ta, wasu safe wasu yamma. Bara kwamitin iyaye ya sake bi gida-gida don a nemi ƙarin aji. Da suka zo gidana, na karɓi biron da kaina. Mahaifiyata, wadda yanzu take zaune tare da mu, ta leƙo ta ce, "Kai yaro, har da babbar za ka rubuta?"

Sai da hannuna ya ɗan tsaya, ba zan ɓoye ba. Na ce masha Allah a zuciyata, na rubuta sunan 'yar farina a layin farko da manyan baƙaƙe, na duba sau uku, na ɗauki hoton takardar da waya.

An kira sunanta, ta shiga aji. Benci ne dai har yau ba ta samu ba, a ƙasa take zama, kusa da ƙofa.