Kwalbar da na juye a zobo

'Yan uwa ku matso ku ji, yau na shiga uku!

Jiya maƙwabciyata, wata tsohuwar Baturiya mai kirki, ta kawo min kwalba kyauta. Wai da 'ya'yan itacen blackberry na bayan gidanta ta haɗa abin shan. Abu jajir kamar zobo! Girki nake, ban tsaya jin ƙarshen zancenta ba.

Yau matanmu na unguwar Woolwich, nan ƙasar Turawa, suka zo flat ɗina karatu. Zobona bai isa ba, sai na juye kwalbar duka a ciki. Azumin ramuwa nake, ko ɗanɗanawa ban yi ba.

Malamarmu Hajiya Babba ta shanye kofi biyu, ta ce, "Maman Ilham, kai, cittar nan taki da zafi take! Ƙaro min."

Bayan sun tafi, 'yata Ilham ta dawo daga aiki, ta shinshina kwalbar, ta dafe kai. "Mummy, gin ne fa! Giya kika ba su!"

Innalillahi!

Yanzun nan Hajiya ta turo saƙo, wai in rubuto mata haɗin, za ta yi a walimar saukar jikarta.

Don girman Allah, me zan ce wa baiwar Allahn nan?