Akunmu Mai Farfaɗiya

Ko da zan tsufa har in riƙa rikita sunayen jikokina, ba na jin zan manta watannin da muka yi a Garki mu uku, ni da Baba da wani aku mai ciwon farfaɗiya. Yanzu in na ba da labarin sai in ga komai a fili yake, har in riƙa mamakin yadda kaina ya kulle. Amma wallahi a wancan lokacin ban gane komai ba, kuma ba don ban yi ƙoƙari ba.

Lokacin ne ake ta kwaso ma'aikatun gwamnati daga Legas ana dawo da su Abuja, ta su Baba na cikin waɗanda aka ce su tattara. Mama malamar makaranta ce, canjin wurin aikinta bai fito ba, sai aka yanke ita da ƙannena su koma gidan ƙanwarta zuwa ƙarshen shekara, ni da nake babba in bi Baba. Ban fi shekara goma sha uku ba. Akun kuwa na Mama ne tun kafin a haife ni, irin mai ruwan toka da jar wutsiya. Oga muke ce masa, don duk wanda ya shigo gidanmu, ko mai gyaran famfo ne, sai ya ƙwala masa kira da "Oga!" Gidan ƙanwar Mama ba wurin keji, shi ya sa aka haɗa mu da shi.

Ranar tafiya Mama ta riƙe hannuna ta ƙi saki. Ta ce, "Ki sa ido a kan Babanki, kar ki riƙa nisa da shi." Ta buɗe baki za ta ƙara wata magana, Baba ya yi gyaran murya, sai ta yi shiru. Ni dai na ce to, a raina ina cewa ai na iya dafa shinkafa da miya, me ya rage?

Ya kamata in faɗa muku cewa Baba da Oga ba sa ga maciji. Oga ya iya kwaikwayon gyaran muryar Baba fiye da Baban kansa, kuma bai tashi yi sai ana da baƙi. Baba kan ce, "Wata rana sai na sa an yi farfesun wannan mai surutun." Har a motar da ta kwaso kayanmu sai da ya yi ta mita a kan kejin ya cinye wurin akwati.

Abuja ta lokacin ba ta yanzu ba ce. Tituna ne faɗa-faɗa ba motoci, benaye sababbi suna warin fenti, bayan gidanmu ciyawa ta fi ni tsawo. A ƙasan bene aka ba mu. Maƙwabta duk baƙi ne, kowa da yarensa, da Hausa ake lallaɓawa a fahimci juna. A samanmu akwai wata mata da kowa ke kira Maman 'Yan Biyu, 'ya'yanta mata su ne kaɗai ƙawayen da na samu a garin.

Wata rana da la'asar na dawo makaranta ina ba Oga gyaɗa, sai ya tsaya cak. Idonsa ya kafe wuri ɗaya, ƙafarsa ta dunƙule, kafin in ce wani abu ya faɗo daga kan sandarsa. Fukafukai suna bugun ƙasan keji, wuya ya murɗe, kwanon ruwa ya kife masa a jiki. Na kurma ihu na yi waje. Maman 'Yan Biyu ta sauko da gudu, tana leƙawa ta ja da baya, ta rufe hanci da bakin zane.

"Farfaɗiya ne! Ke yarinya kar ka taɓa shi o! In yawunsa ya taɓa ki, shi ke nan kin ɗauka."

Ta hau sama ta dawo da toka ta barbaɗa a bakin ƙofarmu. Ni kuma na zauna a matakala ina kuka, ina tsara yadda zan roƙi Baba kar ya jefar da tsuntsun Mama, don na tabbata ya samu dalilin da ya daɗe yana nema.

Da motar ma'aikata ta sauke shi, na ba shi labari ina in-ina. Ya tsallake tokar ya shiga, ya zauna dirshan a ƙasa gaban keji da kayan ofis a jikinsa. Oga ya riga ya farfaɗo, yana lafe a kusurwa, jiƙe sharkaf, ko ƙwaƙƙwaran motsi ba ya yi. Baba ya daɗe yana kallonsa, sannan ya kira ni da sunan da yake kirana, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini.

"Uwata, da ya faɗi, kin gudu?"

Na ce, "Na gudu, Baba."

Ya ce, "Kar ki ƙara."

Daga nan ruɗewata ta fara. Mutumin da ke alƙawarin farfesu shi ne ya ɗauki keji a cinya har wajen Jabi, wurin wani likitan dabbobi da ya fi sabawa da shanu da awaki. Likitan ya ce mu rage masa gyaɗa, mu riƙa ba shi ganye da 'ya'yan itace, mu daka ɓawon dafaffen ƙwai mu zuba a abincinsa, kuma ya riƙa shan hantsi kullum. Ya ba mu wani magani na ruwa. Ya kuma gaya mana gaskiya cewa abin zai iya raguwa, amma bai yi alƙawarin zai rabu da shi ba. Muna dawowa Baba ya sauko da sandar kejin ƙasa-ƙasa, ya shimfiɗa tsohon tawul, ya canza kwanon ruwan da marar zurfi.

Sai kuma karatu. Muna cin abinci zai jefo mini tambaya: in ya faɗi me za ki fara yi? In ce in kawar da duk abin da zai buge shi. Sai me? Kar in danne shi, kar in zuba masa ruwa, in tsaya kusa ina masa magana a hankali har ya dawo. In na yi kuskure a sake daga farko. Ko karatun makaranta bai taɓa tsare ni haka ba. Wata rana ya ce, "Kuma ko wa ya ce ki sa masa cokali a baki, kar ki yarda." Na fashe da dariya har na ƙware. Na ce, "Baba, wa zai sa wa aku cokali a baki?" Bai yi dariya ba. Ya ƙara da cewa in jijjigar ta lafa in juya shi ya kwanta ta gefe, in kuma ta ƙi tsayawa in nemi mota a tafi asibiti. Na kalli Oga, duka-dukansa bai fi tafin hannu biyu ba, na rasa ina gefen nasa yake.

Na yi tunani iri-iri. Na ce ko kewar Mama ce ta taɓa Baba. Na ce ko tsuntsun nan wani asiri ne a gidanmu da ba a gaya mini ba. Har na fara tsoron ko kan Baba ne ya samu matsala, don akwai wasu halaye nasa da a Legas ban lura da su ba sai da muka zauna mu biyu. Ba ya kulle banɗaki in yana wanka. Ba ya matsowa kusa da risho in ina girki. Ya iya tuƙi, amma tun ina ƙarama ban taɓa ganinsa a bayan sitiyari ba. Akwai kuma wasu 'yan ƙwayoyi farare da yake sha safe da yamma, ya ce na ciwon kai ne, na lura kwalbar ta kusa ƙarewa yana ta jinkirin neman wasu. Duk na ga waɗannan, amma ban haɗa su wuri ɗaya ba.

Ciwon Oga ya ragu, bai tafi ba. Da ya sake faɗuwa ban gudu ba, na durƙusa ina cewa, "Ina nan, Oga, ba inda za ni," har ya buɗe ido ya sa kansa a tafin hannuna. Sai dai a waje abin ya yi tsami. An hana 'yan biyu shiga gidanmu, daga baya aka hana su ko gaisawa da ni. In na shanya kaya a igiya sai a janye na kusa da su. Maƙwabta suka aiko wa Baba cewa akwai yara a gidan, ya fitar da tsuntsun. Kaɗaici ya ishe ni, na ji haushin Oga, na ji haushin Baba. Muna cin tuwo na ce, "Baba, mu bayar da shi mana. Matar nan ta ƙauyen Jiwa da ke kawo mana doya ta ce in muna so za ta kai shi daji ta sake shi."

Baba ya ajiye lomar da ya ɗauka. Ya ce a hankali, "To Uwata, in abu ya kamu da ciwon nan, daji ake kai shi ke nan?" Ya wanke hannu ya shige ɗaki. Na zauna da kwano a gabana, na rasa abin da na faɗa da ya kai a bar tuwo.

Ranar Asabar da hantsi muka fito da keji baranda Oga ya sha rana. Matar Jiwa ta sauke doyarta daga kafaɗa muna zaɓa. Sai ga maƙwabta sun sauko a tare, maza da mata, Maman 'Yan Biyu a gaba. Mijinta ya ce wa Baba, "Oga, mun yi haƙuri ya isa. Yau dai a san yadda za a yi da tsuntsun nan." Akun ya ji an ambaci sunansa, ya amsa da ƙarfi, amma ba wanda ya yi dariya. Baba ya miƙe yana musu bayani cewa ciwon nan ba a ɗaukarsa, ko a yawu ko a numfashi. Wani ya ce, "Kai likita ne? Ina ka sani?" Baba ya buɗe baki zai amsa, sai ya tsaya cak.

Na san wannan tsayuwar. Na san idon da ya kafe wuri ɗaya, na san hannun da ya dunƙule. Kafin ya kai ƙasa na riga na shure kujerar ƙarfen da ke bayansa.

Mutane suka watse, wasu har da salati, wata ta bar takalminta. Ni kuwa kaina bai gane abin da ke faruwa ba, amma hannuwana sun gane. Na cire ɗankwalina na naɗe na sa ƙarƙashin kansa. Na janye bokiti da doyar da ke kusa. Maman 'Yan Biyu ta tsaya daga nesa tana miƙo cokali tana ihu, "Sa masa a baki, zai haɗiye harshe!" Na ce, "A'a, ba a sawa." Ban san muryar da na faɗa da ita ba, amma ta mayar da hannunta. Matar Jiwa ba ta gudu ba. Ta kwance zanen da ta yafa ta ware shi tsakaninmu da masu leƙe, ta ce, "Yi abinka, yarinya, ba wanda zai kalli babanka."

Da jijjigar ta lafa na tattara ƙarfina na juya shi ta gefe, na goge masa baki da hannun rigata. A nan na gane gefen wa ake nufi, na gane cokalin, na gane banɗakin da ba a kullewa, na gane maganar da Mama ta haɗiye. Hawaye na zuba ina cewa, "Ina nan, Baba, ba inda za ni." Abin da na saba faɗa ke nan, ba ni da wata magana.

Ya daɗe kafin ya gane inda yake. Ya kalli rufin baranda, ya kalli zanen, ya kalle ni. Abin da ya fara fita daga bakinsa shi ne, "Kin gudu?"

Na ce, "Ban gudu ba, Baba."

Ya rufe ido, hawaye suka gangaro masa ta gefen kunne. Ban taɓa ganin hawayensa ba sai ranar.

Da yamma ya gaya mini tun yana saurayi yake da ciwon, daga shi sai Mama sai iyayensa suka sani. A Legas yana da inda yake karɓar magani ba wanda ya san shi, a nan kuwa asibitin ma'aikata ne, yana tsoron abokan aiki su ji. Mama ta so a gaya mini kafin mu taho, shi ya hana. Ya ce, "Kullum sai in ce yau zan faɗa miki, bakina ya ƙi buɗuwa. Ina tsoron ki riƙa kallona yadda suke kallon tsuntsun nan. Sai Allah ya sa ya riga ni faɗuwa." Ranar Litinin ni na raka shi asibitin.

Wasu maƙwabtan sun ci gaba da kauce mana, ba zan ɓoye ba, 'yan biyu ma sai a hanyar makaranta muke haɗuwa. Amma ba wanda ya sake tayar da zancen Oga, don duk mai son a fitar da mai farfaɗiya daga gidan sai ya fara da Baba. Oga ya rayu shekaru bayan haka, yana faɗuwa jefi-jefi, yana tashi ya ci gaba da gyaran muryarsa, Baba kuma bai sake ambaton farfesu ba.

Abin da na koya shi ne, mutum kan kasa faɗin ciwonsa ko ga wanda ya haifa, sai ya tsaya yana kallon yadda kake yi da wani mai irin ciwon kafin ya san ko zai iya faɗuwa a gabanka. Shi ya sa har yau in na ga wani ya faɗi a kasuwa ko a tasha mutane suna ja da baya, ni matsawa nake yi in durƙusa. Na san in ya buɗe ido, abin da zai fara dubawa shi ne ko akwai wanda bai gudu ba.