Shekarar da Na Ƙi Rubuta Shisha

Ƙaurin takarda ne ya ɗauke mini hankali daga karatu da hantsin ranar. Na leƙa tsakar gida, na ga Baba tsugune gaban murhun gawayi yana tura wani abu cikin wuta da tsinke. Ban tambaya ba. Zuciyata na kan wasan ƙarshe da za a buga bayan la'asar, tsakanin unguwarmu Tandabawi da unguwar Shisha a nan Makka, kuma Yayana ne zai ja 'yan unguwarmu.

Zari-ruga muke ce wa wasan. Baba ya koyo shi a Sudan, inda ya yi shekara shida yana aikin layin dogo kafin ya ƙaraso Makka. Ya iso da ƙwallo mai siffar ƙwai a ƙasan kayansa. Maƙwabta dariya suka yi ta yi, wai wace irin ƙwallo ce ake runguma a ruga da ita kamar an sato kaza? Amma 'yan ga-ruwa da 'yan dako da masu kafa tantuna a Arfa, wasan ya dace da ƙirarsu. Idan alhazai sun watse, aiki ya lafa, sai ƙungiya huɗu su haɗu a wani fili bayan gari. Wanda aka ci ya fita, sai baɗi.

Kofin ma ba kofi ba ne, tsohuwar butar shayi ce ta tagulla. Ƙa'idar Baba ita ce, waɗanda suka yi nasara su dafa shayi a cikinta su shayar da waɗanda suka kayar kafin su kurɓa. Daga nan a kawo butar gidanmu, ni kuma in zana sunan unguwar a jikinta da ƙusa, don ni ce mai zuwa makaranta. Mata ba sa zuwa fili, don haka ban taɓa ganin wasa ko ɗaya ba. Abin da na sani shi ne gwiwoyin Yaya a kurje, da sunaye shida da na zana, huɗu daga ciki Tandabawi. Shisha ko sau ɗaya.

A shekara ta bakwai wani attajiri mai sayar da yadi a Shisha ya shigo lamarin, don 'ya'yansa biyu suna bugawa. Ya ce wasa ba tsari hargitsi ne, kowace ƙungiya ta kawo sunayen 'yan wasanta da lungun da kowa yake zaune. Ni na rubuta namu. Na fere alƙalami, na ja layi da jan tawada, na sa Yaya a sama. Har alfahari na yi.

Attajirin ne ya zo ƙofar gidanmu da safiyar ranar wasan ƙarshen. Ban ji abin da suka tattauna ba, sai dariyarsa da zai tafi: "Halas, ya shek, mun gama ke nan."

Da azahar Yaya yana ɗaure gwiwarsa da tsumma, Baba ya tsaya a kansa.

"Kwance wannan. Tandabawi ta janye."

"Baba, wasa kake yi?"

"Ka ga haƙorina?"

"Me muka yi? Waɗannan 'yan lallen hannun ko rabin sa'a ba za su yi a gabanmu ba!"

"Na ce ta janye."

"To me zan gaya wa mutum goma sha huɗu da suka bar aikinsu yau?"

"Ka ce ubanka ne ya ce."

Yaya ya sunkuya. Ya kwance tsumman, ya ninke shi, ya fita. Daga kan soro na ji yadda lungu ya ɗauka. Wasu na cewa an saye tsohon da turmin yadi, wasu na cewa tsufa ne. Wani ɗan ga-ruwa ya tsaya ƙarƙashin tagarmu ya ce, da ƙarfi don a ji, "Allah ya isa." Ni ma a raina abin da nake faɗa ke nan, kuma ubana nake nufi.

Kafin magariba aka kawo butar daga Shisha. Na buɗe murfin, a bushe take ƙayau. Ko shayin ba su dafa ba. Wa za su shayar, tunda ba su kayar da kowa ba?

Baba ya miƙo mini ƙusa. "Uwata, rubuta."

Haka yake kirana, don sunan mahaifiyarsa na ci. Ban taɓa yi masa musu ba. Ni yarinya ce mai zama a soro ina kallon tantabaru, ina haɗa baitoci a kan duwatsu. Amma ranar na karɓi ƙusar, na ɗago kai na dube shi.

"Baba, me suka ci da zan rubuta?"

"Ba tambaya na ce ki yi ba."

"Kai ka ce butar nan ba ta ɗaukar ƙarya. Wallahi ba da hannuna ba."

Inna ta ce, "Ke! Ubanki ne fa."

Na ajiye ƙusar a kan tabarma. Ban jefar ba, amma da na jefar ma da ya fi sauƙi. Baba ya ɗauka, ya rungume butar a cinyarsa, ya zana Shisha da kansa, shi da ko sunansa da ƙyar yake rubutawa. Haruffan suka fito a karkace, ƙusar ta zame ta tsaga masa yatsa. Ban kawo masa ko tsumma ba.

Baɗi ba a yi gasar ba, ba a kuma ƙara yi ba. Yaya bai sake taɓa ƙwallon ba. Ni kuma wata da watanni gaisuwa kawai ke haɗa ni da Baba. Attajirin nan kuwa ya ɗora butarmu a kan kanta tsakanin yadudduka, yana nuna wa baƙi.

Sai bayan rasuwar Baba, ina da 'ya'ya uku, Inna ta gaya mini abin da ya ƙone a murhu. Takardata ce, mai jan layi. Mutum goma sha ɗaya a cikinta ba su da iƙama, wato takardar izinin zama a ƙasar, har da Yaya. Attajirin ya ce ko Tandabawi ta janye a mayar wa Baba takardar, ko kafin la'asar ta isa inda ake kama mutane.