Ƙafar da Na Yi wa Abokin Mahaifina

A shekarata ta ƙarshe a karatun injiniya, tsakiyar shekarun saba'in, aka ce kowane ɗalibi ya ƙera wani abu da hannunsa. Abokaina suka ɗauki famfon ban-ruwa da injin ɓare gyaɗa. Ni kuwa, da yake tun ina yaro akwai ni da son a sani, na ce ƙafar roba zan yi, kuma na san wanda zai sa ta.

Abokin mahaifina ne, direban babbar mota. Daga ƙauye ya zo ya gina gida a Tarauni, lokacin gonaki sun fi gidaje yawa a wurin. Motarsa ta faɗi da shi a hanyar Kudu, aka yanke masa ƙafar hagu ƙasa da gwiwa. An ba shi wata ƙafa 'yar ƙasar waje, amma idon sawunta a sandare yake. Tana tafiya, ba ta zaman tahiya. Idan lokacin salla ya yi sai ya cire ta ya jingine da bango, ya yi tasa a zaune a gefen sahu. Ya taɓa faɗa wa mahaifina cewa ya haƙura da tuƙi, abin da ke cinsa shi ne ya shiga tsakiyar jama'a ya yi ruku'u da sujada kamar kowa. Gwiwarsa lafiya lau take, kuma a kanta na ɗora lissafina duka.

Malamina ya ce kada in kuskura in ɗaura wa ɗan Adam komai sai na nemo yadda likitoci ke gwada irin wannan a jikin marasa lafiya, da abin da suka gano. Nan na gane nema ya fi ƙira wuya. A ɗakin karatu na jami'a, mujallar da kake so ita ce ba ta iso ba, in kuwa ta iso to wani marar tsoron Allah ya yage shafin. Na aika tambaya ƙasashen waje, shiru kamar an aiki bawa garinsu. Da na dawo hutu gidanmu a Gyaɗi-Gyaɗi sai na shiga zarya a keke tsakanin asibitocin Kano, wannan ya tura ni wajen wancan. Har cacar baki na yi da wani mai gadi da ya ce ko dai in nuna masa inda ke mini ciwo ko in ba shi wuri.

A ƙarshe wani likita Ba'indiye ya gaji da ganin fuskata, ya ara mini ɗaurin tsofaffin mujallu. A ciki na ga yadda ake yi. A sa wa mutum ƙafar, ya yi ta yawo da ita, kullum a tambaye shi ko tana masa ciwo, a kuma cire ta a duba fatar dungulmin. Babu rahoto ko ɗaya da ya yi maganar mutumin da ke durƙusawa a kan tabarma sau biyar a yini. Maimakon abin ya ba ni tsoro, sai kaina ya ƙara girma. Na ce ni ne zan fara.

Wani mai walda ɗan Kudu a layinmu ya yi mini mahaɗin idon sawu, baduku ya ɗinka ɗamarar fata, ni na sassaƙa gurbin da dungulmin zai zauna. Ranar da muka kai wa abokin mahaifin nawa, wanda nake kira Baba, ya sa ta ya bi la'asar a tsakiyar sahu. Ina bayansa ina kallon ƙafar tana lanƙwasawa, ban ma san raka'a nawa muka yi ba. Da aka sallame ya daɗe bai tashi ba, yana share ido da hannun riga.

Daga nan kullum da yamma sai in hau keke zuwa Tarauni. In durƙusa in gaishe shi, ya tsokane ni da injiniyan Turai, sannan in tambayi ƙafa. Ya ce Alhamdulillahi. In ce ba ta matse ka, Baba? Ya ce ina, ai kamar da ita aka haife shi, ya bi ni da addu'a har in fita daga zaure. Ni kuma in je in rubuta babu ciwo.

Waɗancan marasa lafiya na cikin mujallu mutane ne da ke buɗe baki su ce wa likita abinka ya cuce ni. Ni kuwa Bahaushe nake tambaya, wanda ko yana gargarar mutuwa da sauƙi zai ce, kuma ina tambayarsa ne a kan kyautar da ɗan amininsa ya yi masa. Na san wannan sarai, a cikinsa na tashi. Batun duba fata ma na karanta shi. Amma ta yaya zan ce wa sa'an mahaifina ya naɗe wando ya nuna mini dungulmi? Sau da yawa na buɗe baki kunya ta hana ni. Gaskiya kuma amsar da yake ba ni tana mini daɗi, ba na son wata.

Na koma makaranta na gabatar da aikina, aka yaba, har malamina ya miƙa mini hannu. Da na dawo gida na ga mahaifina ya amsa gaisuwata a gajarce. Bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi. Cewa kawai ya yi in je asibiti in duba Babana.

A barandar asibiti na tarar da matarsa. Ita ta ba ni labari, tana yi tana kallon ƙasa. Tun makon farko gurbin ya fara cin fatarsa a wajen da yake durƙusawa. Tana wanke safa da jini, tana roƙonsa ya huta, shi kuwa daga asuba har isha ba ya cirewa. Wai idan ya cire, yaron nan zai faɗi jarrabawa. Har ciwon ya ruɓe, zazzaɓi ya kwantar da shi. Likitoci suka ce babu dabara sai an sake yankewa, wannan karon sama da gwiwa.

Na shiga ɗakin da yake kwance. Zanen da aka lulluɓe shi da shi ya kwanta shafe a inda gwiwar take a da. Na durƙusa a gefen gado. Ban taɓa jin na tsani kaina irin ranar ba, kuma har yau abin bai sake ni ba.

Shi ya fara magana. Ya tambaye ni ko na ci jarrabawar, na gyaɗa kai. Ya yi hamdala, sannan ya yafito ni kusa, ya rage murya don kada na gadon kusa ya ji.

"Ɗana, ka yi haƙuri, na ɓata maka aiki. Naman jikina ne ba shi da kyau. Kada ka faɗa wa malaminku, kada su karɓe maka takarda."

Na ce to, Baba. Ya roƙe ni in ɗan juya shi ya fuskanci gabas, an kira magariba.